Daga Kare Jini Biri Jini Zuwa Hanta da Jini: Tambayoyi da Amsoshi Kan Finafinan 'Yan Sanda Biyu

Tun ina yaron shago a wani wurin hayar kaset a Fagge, har zuwa yau da nake zaune gaban kwamfuta ina tura wa mutane finafinai a waya, akwai wani nau'in fim da bai taɓa yin kwantai ba. Mai so ba ya ma riƙe sunansa. Sai dai ya miƙo memori ya ce, "Malam, a sa min na 'yan sandan nan biyu da ba sa ga maciji da juna." Wasu in sun kalla sai su dawo da tambaya, mu yi ta musu a bakin shago har a kira magariba. Ga tambayoyin da aka fi yi min, da amsar da na saba bayarwa.

Wane irin fim ake nufi takamaimai?

Fim ne da ake ɗauko jami'ai biyu da halinsu ya yi hannun riga, a ɗora musu aiki ɗaya, a ce sai sun yi shi tare ko suna so ko ba sa so. Ɗaya mai bin doka ne sau da ƙafa, riga a goge, takardu a jere. Ɗayan kuwa bakinsa ya fi hannunsa aiki, ko kuma zuciya ce a kusa. Ana farawa suna hararar juna, ana gamawa kowa zai iya tare wa ɗan uwansa harsashi. A tsakani kuma akwai dariya da dambe da tseren mota.

Wanda Kanawa suka fi sani shi ne Rush Hour na 1998, inda Jackie Chan ya fito a Sufeto Lee daga Hon Kon, Chris Tucker kuma ya fito a Carter, ɗan sandan Los Anjalis mai surutu kamar an kunna rediyo. Akwai Lethal Weapon na 1987 da Mel Gibson da Danny Glover, akwai Red Heat na 1988 da aka haɗa Arnold Schwarzenegger a matsayin ɗan sandan Rasha da wani ɗan sandan Amurka mai sakin baki.

Me ya sa sai an haɗa waɗanda ba sa shiri? Ba za a iya sa aminai biyu ba?

Za a iya, amma sai ka samo wani abin da zai riƙe mai kallo. Mutum biyu da suka yarda da juna a kan komai, in suka shiga mota shiru za su yi. Waɗanda ba sa shiri kuwa, wa zai tuƙa rigima ce, wace tasha za a kama a rediyo rigima ce, inda za a tsaya a ci abinci ma sai an kai ruwa rana. Marubuci ya samu abin dariya a ɓagas tun kafin bos ya bayyana.

Sannan akwai wata fa'ida. Ba ka sanin mutum sai ka gan shi kusa da kishiyar halinsa. Natsuwar Murtaugh a Lethal Weapon, magidanci mai mata da 'ya'ya da ya cika shekara 50 ranar da fim ya buɗe, ba za ta fito ba sai an ajiye masa Riggs, wanda matarsa ta rasu ya daina damuwa da ko ya kwana ko ya mutu.

Wa yake haɗa su tun farko?

Kusan kullum oga ne, kuma ba don alheri ba. Ko dai ya gaji da ɗayansu yana neman inda zai jefar da shi, ko kuma horo ne. A Rush Hour, jami'an FBI ba sa son Lee ya sa musu hannu a binciken sace 'yar ƙaramin jakadan Cana, sai suka nemi a ba su ɗan sandan da zai yi ta yawo da shi a gari. Ogan Carter da ma yana cike da shi, sai ya miƙa shi. Carter ya tafi yana murna a zatonsa ƙarin girma ne, ashe raino aka ba shi.

Haɗuwar farko me ya sa kullum sai an yi abin kunya?

Saboda a nan ake shuka rainin da za a kwashe rabin fim ana girbewa. Dubi yadda Carter ya tarbi Lee a filin jirgi. Lee ya sauko ya yi shiru yana murmushi, Carter ya ɗauka bai jin Turanci, ya dinga ɗaga murya yana jan kalmomi kamar mai magana da kurma, yana faɗin abin da ya ga dama a gabansa. Lee kuwa yana jin komai, ya bar shi yana ta zuba. Daga baya Carter ya ɗaure masa hannu da ankwa a jikin sitiyarin mota don kada ya gudu, ya je ya dawo ya tarar ba Lee ba sitiyari. Duk sanda na kunna wurin nan a shago sai wani ya ce, "Shiru ba tsoro ba ne."

A Lethal Weapon ma haka. Murtaugh ya hango wani mutum a hargitse cikin ofishinsu ya zaro bindiga, ya ɗauka ɗan ta'adda ne, ya yi kansa da gudu. Kafin ƙiftawar ido yana kwance a ƙasa, mutumin na tsaye a kansa. Sai a lokacin aka ce masa ga sabon abokin aikinka. A Hot Fuzz na 2007 kuwa, Simon Pegg ne ɗan sandan Landan da ƙwazonsa ya ishi manyansa suka tura shi ƙauye. Daren da ya isa ya kama wani ƙato yana tuƙi a buge, ya kai shi caji ofis. Da gari ya waye sai ga mutumin cikin kaki: ɗan sanda ne, kuma ɗan ogan wurin ne.

To a ina ne ake juyawa daga gaba zuwa abota?

Wannan ita ce tambayar da muka fi yin musu a kanta. Matasa sukan ce ranar da ɗaya ya ceci ran ɗaya. Ni ban yarda ba. Ceton rai aiki ne, ko maƙiyinka ne in kuna bakin aiki za ka janye shi daga gaban mota. Abin da yake juya labarin shi ne ranar da ɗaya ya ga cikin gidan ɗaya, ko ya ji abin da yake ɓoyewa.

Koma kan Lethal Weapon. Murtaugh ya riga ya ga haukan Riggs da idonsa: an tura su lallashin wani da ya hau saman bene zai faɗo, Riggs ya hau ya ɗaure hannunsa da na mutumin, suka diro tare a kan katifar iska. Murtaugh ya fusata har yana tsoron aiki da shi. Amma bayan an sha wuya tare sai ya ce masa ya zo gida a ci abinci. Riggs, wanda yake kwana shi kaɗai da karensa a wata tirela a bakin teku, ya zauna cikin yara ana hayaniya, ana tsokanar girkin uwargida. Ba a harba bindiga ko ɗaya a wurin nan ba, amma daga wannan daren kallon da suke wa juna ya sake. A ƙarshen fim Riggs ya zo ƙofar gidan ya bar wa Murtaugh harsashin da ya daɗe yana ajiye wa kansa, alamar ya fasa. Murtaugh ya biyo shi waje ya ce ya shigo a ci abincin Kirsimeti.

A Rush Hour, abin da ya karya girman kan Carter hira ce kan iyaye. Su biyun duk 'ya'yan 'yan sanda ne, suka fara da cika baki, kowa na cewa ubansa ya fi. Can sai ta fito cewa an kashe mahaifin Carter a bakin aiki, abokin aikinsa bai fito ya mara masa baya ba. Nan Lee ya gane dalilin da ya sa mutumin nan yake ƙin a haɗa shi da kowa, mai kallo ma ya daina yi masa kallon sakarai.

Mu nan ba baƙon abu ba ne. Wanda kuka sa hannu a kwano ɗaya, ya ga tsohuwarka, ya san inda rufin ɗakinka yake yoyo, ya wuce abokin aiki. Shi ya sa nake ce wa masu kallo su bar lissafin harsasai, su lura da inda aka ci abinci.

In sun zama abokai, me ya sa ba sa daina zagin juna?

Ai da sun daina da fim ya mutu. Maganganun ba sa canzawa, ma'anarsu ce take canzawa. Kalmar da a farkon fim in aka faɗa sai an cakumi wuya, ita ce a ƙarshe ake faɗa ana dariya. Bahaushe bai buƙatar a yi masa dogon bayani a nan, domin wasan barkwanci kenan. Bakano ya haɗu da Bazazzagi a Kantin Kwari ya ce masa bawansa, wancan ya rama da abin da ya fi zafi, a tafa a ci gaba da ciniki. Bafulatani da Babarbare haka, taubasai haka, har da bin juna kuɗin shara. Wanda ba ya cikin wasan in ya faɗi rabin abin da suke faɗa wa juna, sai an raba faɗa.

To abin da waɗannan finafinan suke nunawa shi ne yadda ake samun wannan izinin. Mu gadonsa muka yi, an haife ka ka tarar akwai wanda zai tsokane ka ba ka da ikon fushi. Su kuwa sai sun saye shi da wahala cikin awa biyu. Alamar an kai gaci ita ce ranar da wani na waje ya zagi ɗaya daga cikinsu, sai wanda ya fi kowa zaginsa ya tashi ya tare masa. Ina ganin wannan ne ya sa irin finafinan nan suke shiga ran Kanawa ko da mutum bai jin rabin Turancin.

A ina aka faro wannan salon?

Masu bin tarihin fim sukan koma Japan, ga Stray Dog na Akira Kurosawa a 1949: matashin ɗan sanda da aka sace wa bindiga cikin cunkoso a Tokiyo, aka haɗa shi da tsohon hannu mai sanyin rai. Ba na dariya ba ne, amma ƙashin bayan yana nan, har da kai yaro gida ya ga iyali. Sai In the Heat of the Night na 1967, inda Sidney Poitier ya fito a baƙar fatan jami'i daga Filadelfiya da aka kama a tashar jirgin ƙasa a Misisifi bisa zargin kisa, daga baya dole ta sa shugaban 'yan sandan garin, farar fata mai wariya, ya yi aiki da shi. A ƙarshe shi ya ɗaukar masa akwati zuwa jirgi.

Wanda ya zuba wa abin barkono shi ne 48 Hrs. na 1982, fim ɗin Eddie Murphy na farko. Fursuna ne aka fito da shi na awa 48 don ya taya Nick Nolte, wanda ya fito a ɗan sanda, kama wasu makasa. Zagin da ke ciki mai ɗaci ne, har dambe suka yi a titi. Daga nan kamfanoni suka ga akwai kuɗi a harkar.

Me ya sa sau da yawa ɗaya baƙi ne ɗaya fari?

Saboda a Amurka wannan ne tsohon miki, kuma shi mai kallonsu yake ganewa ba sai an yi bayani ba. Kowace ƙasa da nata. A Kanada an yi Bon Cop, Bad Cop a 2006, aka haɗa mai jin Turanci da mai jin Faransanci a kan gawar da aka tsinta a kan iyakar jihohinsu. Sai dai kada a ruɗe: mutum biyu sun shirya a fim bai nufin matsalar ta kau a titi.

Indiyawa fa, suna yi?

Suna yi, kuma da waƙa da rawa. Tsofaffin da suka yi zamanin Plaza da Orion da Eldorado sukan kawo Sholay na 1975, amma Jai da Veeru ba 'yan sanda ba ne, ɓarayi ne da tsohon ɗan sanda ya ɗauka haya, kuma da ma aminai ne. Wanda ya fi dacewa shi ne Main Khiladi Tu Anari na 1994: Akshay Kumar sufeto ne mai ɗaure fuska, Saif Ali Khan kuma ɗan fim ne da ya liƙe masa wai yana koyon yadda ake fitowa a ɗan sanda. Sai Dhoom na 2004, inda Abhishek Bachchan ya jawo Uday Chopra, makanikin babur mai son mata da mafarkin aure, don su kama gungun ɓarayin da John Abraham yake jagoranta. Bambancin Indiya shi ne ba sa jin kunyar kuka. Abin da Ba'amurke zai nuna da ɗaga gira, su sai an rungumi juna an kira juna ɗan uwa.

Babu na mata ne?

Akwai, ko da yake ba yawa. The Heat na 2013 ya haɗa Sandra Bullock, jami'ar FBI mai ji da kai da abokan aiki ba sa so, da Melissa McCarthy, 'yar sandan Bostan da bakinta ba linzami. Juyin a nan ma a gida aka yi shi: aka je gidan su McCarthy aka tarar danginta sun juya mata baya saboda ita ta kama ɗan uwanta da hannunta. Wata Hajiya da na tura wa ta dawo ta ce min, "Ɗan nan, ai wannan zaman kishiyoyi ne da ya gyaru." Ban iya musa mata ba.

Dole ne duka biyun su zama 'yan sanda?

A'a. An haɗa ɗan sanda da fursuna, an haɗa shi da ɗan fim, a 1989 ma Tom Hanks da kare aka haɗa shi a Turner & Hooch. A katun ɗin Zootopia na 2016 zomanya ce 'yar sanda, abokin tafiyarta kuma dila ɗan damfara. Kamar dai tatsuniya.

Me ya sa na biyu da na uku ba sa kai na farko daɗi?

Saboda an riga an kashe bakin zaren. Daɗin na farko shi ne kallon yadda za su shirya, to sun shirya, sai me? Dole marubuci ya nemo dabara. Rush Hour na biyu a 2001 ya juya abin, aka kai Carter Hon Kon ya zama shi ne baƙon da bai san gari ba, kuma ya yi kyau. Na uku a 2007 aka kai su Faransa inda dukansu baƙi ne, a ganina miyar ta fara sanyi. Lethal Weapon ya kai huɗu, na ƙarshe a 1998 da Jet Li a matsayin bos, amma zuwa lokacin Riggs ya zama ɗan gida, ba sauran tsoron abin da zai aikata.

Bad Boys daban ne. Tun na farko a 1995 Will Smith da Martin Lawrence aminai ne, faɗansu na gwauro mai kuɗi da magidanci mai ɗawainiya ne. Irin wannan faɗan ba ya ƙarewa, shi ya sa har 2024 suna fitowa.

Da gaske haka aikin ɗan sanda yake?

Akwai wani tsohon saje mai ritaya da yake zama a bencin shagona da yamma. Ranar da muka kalli tseren mota a Bad Boys, motoci na ta tashi sama, sai ya girgiza kai ya ce, "Yaro, mu ko fitilar motar sintiri ka fasa sai ka kwana rubuta bayani." Na ce, "Baba Saje, to babu gaskiya ko ɗaya a ciki?" Ya yi shiru, ya ɓare goro, sannan ya ce abu ɗaya ne gaskiya: ba kai kake zaɓen wanda za ku kwana a shinge tare ba, kuma wanda ya fi ba shi haushi a shekarun farko shi ne ya tsaya masa ranar auren 'yarsa. Hot Fuzz ma ya yi wasa da wannan, bayan an gama ɓarin wuta sai a nuno su zaune suna cike takardu.

In an fassara da Hausa dariyar tana nan?

Wani lokaci har ta fi. Masu fassara a Kano, irin su Algaita, sun gane cewa ba kalma ake juyawa ba, hali ake juyawa. In mai surutu ya samu muryar da ta dace, aka sa masa karin magana da habaicin 'yan tasha, sai ka rantse ɗan Kurna ne. Abin da yake ɓacewa shi ne dariyar da ta dogara kan rashin jin yaren juna, domin duka biyun yanzu Hausa suke yi.

Kannywood za ta iya yin irinsa?

Me zai hana? 'Yan barkwanci muna da su tun zamanin marigayi Rabilu Musa Ibro, kuma kafin nan Samanja ya nuna cewa kaki da bariki suna ba da dariya. Tseren mota da fashe-fashe ne suke cin kuɗi, kuma ba su ne zuciyar abin ba. Da ni aka ba alƙalami, tsohon saje zan ɗauko, haifaffen cikin ganuwa, wanda ya san kowane lungu daga Jakara zuwa Mandawari kuma ba ya fara bincike sai ya gaisa da mai unguwa. In haɗa shi da sabon sufeto Bazazzagi mai digiri da kwamfuta a jaka, wanda a muƙami shi ne gaba, a shekaru kuma ɗan cikinsa ne. Saje na ce masa "Yallaɓai" da baki yana raina shi a zuci, shi kuma ya rasa ko "Saje" zai kira shi ko "Baba". Barkwancin Kano da Zazzau ya riga ya ba ka rabin maganganun. Rana ɗaya mota ta mutu musu a hanyar Wudil da dare, dole a koma gidan Saje a ci tuwo da miyar kuka. Sai dai a tuna akwai hukumar tace finafinai ta Jihar Kano tun 2001, zagin da Eddie Murphy yake yi ba zai wuce ba, habaici za a nema.

Za a iya kallo da yara?

Zootopia kaɗai zan ce i kai tsaye. Rush Hour da sauƙi amma akwai ashar nan da can. 48 Hrs. da Lethal Weapon da Bad Boys da The Heat na manya ne, a bari sai yara sun kwanta.

Da wanne zan fara?

In dariya kake so, Rush Hour na farko. In kana son ka ga yadda ake gina abotar dalla-dalla, Lethal Weapon na 1987. Hot Fuzz ka bar shi sai ka kalli uku ko huɗu daga cikin sauran, domin tsokanarsu yake yi, in ba ka san su ba rabin dariyar za ta wuce ka. Kuma in za ka zo ka goge hotunan biki daga memorin tukuna, ukun nan ba za su shiga tare da su ba.